Moɗar Inna Sadiyatu

Duk wanda ya taɓa ratsa Ƙofar Marke da ƙafa a watannin zafi ya san randar Inna Sadiyatu, ko da bai san Inna Sadiyatun ba. Randar tana gindin dogonyaro, dab da ƙofar zaure, an binne rabinta cikin yashi mai laima, an naɗe wuyanta da jiƙaƙƙen buhu, an rufe bakinta da faifai. Ruwanta sanyi gare shi har cikin haƙori, ga ƙamshin saiwar jema. Moɗa ɗaya ce tak, ta silba, duk ta lotse, an ɗaure ta da 'yar sarƙa a jikin ƙusa. In mutum ya sha ya sake ta, sai ta bugi gefen randar ta ce ƙwal. Daga tsakar gida ana jin wannan ƙara, tun hantsi har bayan la'asar.

Ba Inna Sadiyatu ce ta kafa randar ba, gadonta ta yi. Mahaifiyarta, Hajiya Hindu, ita ta binne ta a wurin, shekarar da maigidanta ya rasu, don ladan ya riƙa isa gare shi. Sau uku randar tana fashewa ana sayo wata, amma ba wanda ya taɓa kiran ta sabuwa. Da Hajiya Hindu ta ji jiki ya ƙi, ba ta yi zancen gona ko zinari ba, don ba ta da su. Ta sa aka kira mata Sadiyatu, ta kama hannunta ta ce, "Abu biyu nika bar miki. Kar randag ga ta wuni ba ruwa. Kuma moɗad da baƙo yas sha da ita, da ita mutanen gida za su sha. Ranad da kunka ware taku moɗa, kun mai da sadaka wulaƙanci."

Lokacin nan Sadiyatu ta riga ta dawo gidan ubanta da zama. Mijinta, Malam Sirajo, magatakarda ne a wata ma'aikata a kan Sama Road, mutum mai shiru-shiru, kuma da shirun nasa ya koma ga Allah, ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Uku maza ne, sun girma, aiki ya watsa su garuruwa. Ta huɗun ita ce Ihsan, auta, wadda ta zo bayan an cire rai da haihuwa. Da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa Sadiyatu ta riƙe gida, da su kuma take sayen ruwan randa wurin 'yan garuwa. 'Yar ƙaramar mace ce, amma muryarta takan riga ta isa duk inda za ta. Ba ta rowa, ba ta riƙo, sai dai fa ba a koya mata abin da ta riga ta sani, kuma a ganinta abubuwan da ba ta sani ba kaɗan ne.

Ihsan ta tashi da ƙarar moɗar nan a kunne. Tana ƙarama takan zauna a bakin turmi tana ƙirga ƙwal-ƙwal ɗin, ta ce ladan kakanta take tarawa. Da ta girma sai ta wuce ƙirga, ta koma gane masu sha. In moɗa ta yi ƙara da ƙarfi sai ta ce, "Hayatu mai kabu-kabu na, shi ka sakin moɗa awa ta yi mai laihi." In aka ji an ajiye ta a hankali sai ta ce tsohon nan ne mai sayar da asuwaki. In an leƙa, haka ne. Da wannan kunnen take hadda a makarantar Islamiyya. Aya sau biyu malam zai karanta ta ɗauke, har da inda ya ja da inda ya tsaya. A shekarar da nake ba da labari tana da shekara goma sha takwas, ta kai izu arba'in da bakwai, kuma uwarta ta fara tanadin gero don walimar sauka, tana yi tana cewa ita ba ruwanta da yarinya mai surutu.

Shekarar 2017 ce, shekarar sanƙarau. Da farko labarin ƙauyuka ne, ana ji ana cewa Allah ya kyauta. Kafin zafi ya kankama ya shigo gari. Yaro ya tashi da ciwon kai da safe, da azahar wuya ya sandare, washegari a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Rediyo ba ta da magana sai a buɗe tagogi, a daina cunkoso a ɗaki, a kai mara lafiya asibiti da wuri. An kawo allurar rigakafi, amma mutane sun fi ta yawa. Sau biyu Ihsan tana bin layi, sau biyu ana cewa ta ƙare kafin a zo kanta.

A bayan gidan Inna akwai Sista Rifkatu, ma'aikaciyar jinya, mutuniyar Filato, wadda ta shekara ashirin da wani abu a unguwar ita da mijinta Luka mai walda. Ita ce ta karɓi haihuwar Ihsan. Ran nan ta shigo da kayan aikinta a jiki, ko zama ba ta yi ba, ta ce, "Inna, don Allah a rufe randa. Ciwon nan yana bin miyau da numfashi. Baki ɗari a moɗa ɗaya, ba zai yi ba."

Inna ta dube ta sama da ƙasa. "Sista, randag ga ta girme ki. Ta ga baƙon dauro, ta ga amai da gudawa, ba a taɓa kihe ta ba."

"Na sani, Inna. Amma jiya yara biyar na rufe wa ido da hannuna. Ɗaya daga layin nan na baya."

Maganar yaron layin baya ce ta karya Inna, don ta san uwarsa. Da yamma ta sa aka kwashe ruwan, aka ciro randar daga cikin yashi aka kife, ita kuma da kanta ta kwance moɗar ta kai ɗaki ta rataye a bayan ƙyaure. Ta yi kuka a ranar, kukan da ba ta yi ba tun rasuwar Hajiya Hindu. A wurinta ba tukunya aka kife ba, alkawarin uwarta ne ta saɓa tana ji tana gani.

Kwana ashirin da uku randa tana kife. Gidan ya yi tsit, har Ihsan ta ce haddarta ba ta zama, ta saba yi da ƙwal-ƙwal a bayanta. Rana kuwa ba ta san ana annoba ba, dukan mutane take yi kamar kullum. Masu tura kura sukan tsaya a gindin dogonyaron, su dubi gindin randa yana kallon sama, su share zufa su wuce. Masu ƙarfin hali su yi sallama a zaure: "Inna, yaushe?" Ita kuma ta amsa daga ciki, "Sai Allah ya yi," muryarta ba ƙarfi.

Gaskiyar magana, garin ya gaji. A makon farko kowa tsoro yake ji, a na biyu kowa haƙuri yake yi, a na uku sai aka fara jin haushin masu tsoron. Waɗanda suka ɗaga biki suka fara sa sabuwar rana. Masu zuwa dubiya da ta'aziyya suka koma cika ɗaki kamar da, don kunyar a ce wane bai zo ba ta fi ƙarfinsu. Kuma akwai abin da kowa ya riƙe, tun daga malamai har masu faskare: sanƙarau ciwon zafi ne, ruwan sama na sauka yake tafiya. Tsofaffi sun gani a shekarun baya, ba ƙarya suka yi ba. Saboda haka kowa ya sa wa gabas ido. Inna kanta sau goma take fitowa tsakar gida a wuni, wai shanya take dubawa.

Wata Alhamis cikin watan Rajab, bayan azahar, hadari ya taso. Iska ta kaɗa, gari ya yi duhu, aka ji tsawa can nesa. Sai ga ɗigo manya-manya a kan kwano. Bai kai a dafa shayi ba ya ɗauke. Ƙasa ko jiƙa ba ta yi ba, tabo-tabo kawai ta yi, amma ƙamshinta ya tashi, kuma ƙamshin nan ya ishi mutanen da suka yi wata suna jira. Yara suka fantsama layi suna tsalle. Mata suna leƙowa ta katanga suna yi wa juna barka.

Hayatu ne ya fara isowa, ya jingine babur, da mutum uku a bayansa. "Inna, Allah ya kawo ruwa, ciwo ya tahi. A ba mu izini mu tada randa."

Ihsan tana bayan uwarta. A hankali ta ce, "Inna, yayyahi na, ba ruwa ba. Mu jira Sista ta dawo mu ji."

Sista kuwa kwana huɗu ke nan ba ta kwana gida ba, tana can inda aka ware masu ciwon. Inna ta dubi sama, ta dubi mutanen da ke tsaye a ƙofarta leɓunansu a bushe, ta ce, "Ruwa ruwa na. Wanda yas sauko da kaɗan shi ka sauko da mai yawa. Ɗauko min moɗa."

Kafin la'asar an wanke randa, an mai da ita cikin yashi, 'yan garuwa biyu sun juye mata ruwa sun ce ba su karɓar ko sisi. Ruwan ko sanyi bai yi ba, amma layi aka yi. Wasu ba ƙishirwa suke ji ba, so suke kawai su sha su tabbatar wa kansu duniya ta koma daidai. Ƙwal, ƙwal, ƙwal. Inna tana tsaye daga cikin zaure, mayafi a ka, fuskar nan kamar an ce mata ga kujerar Makka.

Da layi ya ragu sai ta tuna sharaɗi na biyu. Mutanen gida ba su sha ba. Ita azumi take yi, don ba ta barin Litinin da Alhamis, balle a Rajab. Ta ɗebo ruwa ta miƙa wa Ihsan. "Karɓi ki sha."

Ihsan ta karɓa, ta tsaya. Ta ja gefen hijabinta za ta goge bakin moɗar. A gaban mutane ne, kuma Inna ta ga tsohon nan mai asuwaki ya kau da kai. Kunya ta kama ta, kuma ita in kunya ta kama ta faɗa take komawa.

"Mi kika gogewa? Ƙyamar bayin Allah kika yi? Karatun da kinka yi ke nan? Kakarki ta sha da kutare a moɗag ga."

Ihsan ta saki hijabin, ta yi bisimilla, ta shanye, ta ajiye moɗar a hankali yadda ko ƙara ba ta yi ba.

Ranar Litinin da safe ta ce kanta yana sarawa. Inna ta ce rana ce, ta jiƙa mata tsamiya. Kafin azahar jiki ya yi zafi kamar garwashi, ta ce a rufe taga haske yana soke mata ido. Da Inna ta zo ɗaga kanta ta ba ta ruwa, sai ta ji wuyan ya ƙi lanƙwasa. Nan ta ƙwalla wa maƙwabta kira. Hayatu ne ya samo keke napep, Luka ya kira matarsa a waya, aka tarar da Sista Rifkatu tana jira a bakin ƙofar asibiti. Ta dubi yarinyar, ta dubi Inna, ba ta tambayi komai ba. Labarin randa ya riga ya isa gare ta.

Kwana tara Ihsan tana tsakanin rai da mutuwa. Inna tana zaune kan tabarma a baranda tare da sauran uwaye, kullum ana naɗe tabarmar wata. Ba ta roƙi Allah komai ba sai abu ɗaya, ya bar mata yarinyar ko a wane hali. Daga baya takan ce da ta san yadda ake karɓar addu'a da ta ƙara bayani.

A kwana na goma Ihsan ta buɗe ido, ta gane uwarta, ta yi murmushi. Inna ta ce, "Auta, sannu. Auta." Yarinyar tana kallon bakinta. Sai wata ma'aikaciya ta yar da faranti na ƙarfe a bayan gadon, duk ɗakin aka zabura, har mai barci ya farka. Ihsan ko ƙiftawa ba ta yi ba. Can ta ce, da murya mai ƙarfi wadda ba tata ba, "Inna, don mi kowa ka magana ba sauti?"

Sista Rifkatu ta ja Inna waje ta gaya mata gaskiya, cewa ciwon yakan tafi da ji, kuma in ya tafi da shi ba kasafai yake dawowa ba. Sannan ta riƙe kafaɗarta ta ce, "Inna, ki saurare ni. Ba wanda zai iya cewa daga moɗa ne. Ta bi layin allura cikin jama'a, ta je makaranta, ta je kasuwa. Mutum zai iya ɗauke da ciwon nan yana yawo lafiya lau."

"Na ji, Sista, Allah shi saka miki," in ji Inna. "Amma ni na san abin da hannuna yam miƙa."

Ruwan gaske bai zo ba sai cikin azumi, mako shida bayan wancan yayyafin. Ya zo da tsawa da iska, yana dukan kwano har ba a jin maganar juna. Ihsan tana zaune a ɗaki ta ba ƙofa baya, tana tsince shinkafar buɗa-baki. Ba ta san ana yi ba sai da sanyin ya taɓa wuyanta, ta waiwayo ta ga tsakar gida ta zama tafki. Ta yi dariya ta ce, "Inna, ga ruwan naki ya zo." Ba da wata manufa ta faɗa ba, yarinyar ba ta iya habaici ba. Inna ta fita cikin ruwan, ta ɗauki taɓarya ta nufi ƙofar gida. Ihsan ta bi ta da gudu ta riƙe taɓaryar ta baya. Suka tsaya a zaure su biyu, jiƙe sharkaf, ba mai sakin wa wani. Ihsan ta ce, "In kinka hwasa ta, mutane su sha mi?"

Randar tana nan har yau. Luka ya ƙera mata ludayi mai dogon hannu, wanda ake ɗebowa a zuba wa mutum a tafin hannu ko a gorarsa, ba a kai shi baki. Tsohuwar moɗar tana bayan ƙyaure. Da korona ta zo bayan shekara uku, tun kafin rediyo ta gama bayani Inna ta sa aka kife randa. Gari ya sake gajiya, aka koma kasuwa, aka koma biki, aka dawo ana sallama a zaure ana cewa, "Inna, yaushe? Ai abin ya wuce." Ta bar ta a kife. Sai da Sista Rifkatu ta zo da kanta ta ce a tayar, sannan aka tayar. A unguwa har aka riƙa cewa tsufa ya sa mata rowa, ta ji, ba ta kare kanta ba.

Ihsan ta koyi ɗinki, kuma hannunta yana da kyau, mata daga nesa suke kawo mata atamfa. Ta iya karanta leɓe, in an fuskance ta an yi magana a hankali. Haddarta ta tsaya a izu arba'in da bakwai. Takan yi tilawa bayan sallar asuba don kada ta zube, muryar tana hawa tana sauka inda bai kamata ba, tana jan inda ba a ja. Inna tana ji daga kan sallayarta, ta san wurin, don ita ma 'yar malamai ce. Ba ta taɓa gyara mata ba. Geron walimar kuwa tuni aka yi sadaka da shi.

Ba su taɓa yin zancen ranar Alhamis ɗin nan ba. Ihsan ba ta tayar ba, ko don ta manta, ko don ba ta manta ba, Allah ne masani. Inna kuwa an haife ta a gidan da uwa ba ta durƙusa wa abin da ta haifa. Sau da yawa takan taɓa kafaɗar yarinyar, Ihsan ta juyo ta zuba wa bakinta ido tana jira, sai Inna ta ce, "Kin ci abinci?"

Kullum da hantsi, bayan 'yan garuwa sun cika randa, Ihsan takan zauna a kan kekenta na ɗinki a bakin taga, ta ba tsakar gida baya. Inna takan zo wucewa da tsintsiya ko da kwarya, ta tsaya a bayanta, kusa, har tana ganin zaren da ya maƙale a ɗankwalinta. Sai ta faɗa a fili, da muryar nan tata da ake ji har layin baya, "Ihsan, ɗiyata, ki yahe min. Ni nab ba ki."

Keken yana ta tafiya. Inna takan ɗan jira, sannan ta wuce ta ci gaba da shara.